Ƙaddara, amana da jarumtaka a wasan ban tausayi na tsohuwar Girka

Wasan ban tausayi wani nau'in wasan kwaikwayo ne da ya bunƙasa a birnin Atina na ƙasar Girka a ƙarni na 5 kafin Miladiyya (K.M.). Akasarin wasannin sun ɗauko labaransu ne daga tarihihin sarakuna da mayaƙan dā, musamman gidan sarautar Tibis, gidan sarautar Argos, da kuma yaƙin Turoyi. Daga cikin ɗaruruwan wasannin da aka nuna a wancan ƙarni, 32 kacal suka iso zamanin yau cikakku, kuma ana danganta su ga marubuta uku: Eskilus, Sofokilis da Yuripidis.

Jigogi uku sun fi fitowa a waɗannan wasanni. Na farko shi ne ƙaddara, wato abin da aka yanke wa mutum tun bai sani ba. Na biyu shi ne amana, wato haƙƙin da ke wuyansa na dangi, na gari, na aboki da na alloli. Na uku shi ne jarumtaka, wato yadda mutum yake tsayawa idan tura ta kai bango. Da wuya a sami ɗaya ba tare da sauran ba. Ƙaddara ce takan kai tauraron wasa mararrabar da amana biyu suke karo da juna, sannan zaɓin da ya yi a wurin, da yadda ya ɗauki abin da ya biyo baya, su ne ma'aunin jarumtakarsa.

Asalin suna da yadda ake wasan

Sunan wasan da Girkanci shi ne tragoidiya, daga tragos, wato bunsuru, da oide, wato waƙa. Masana sun yi saɓani a kan dalilin wannan suna: wasu na ganin bunsuru ne kyautar gasar a farko, wasu kuma na ganin bunsurun da ake yankawa a bikin ake nufi.

Babban wurin nuna wasannin shi ne bikin Diyonisus, abin bautarsu na inabi da wasa, wanda ake yi kowace shekara a Atina wajen ƙarshen watan Maris. Dandalin yana gindin tsaunin Akropolis ta kudu, a fili, kuma dubban mutane ke zama a gangaren suna kallo. An ruwaito cewa wani mai suna Tespis ne ya fara cin gasar wajen shekarar 534 K.M. A kowane biki hukuma takan zaɓi marubuta uku, kowanne ya kawo wasannin ban tausayi uku da wasan raha ɗaya. Wani attajiri daga 'yan gari ne yakan ɗauki nauyin horar da 'yan amshi da tufatar da su, kuma ana lissafa wannan a matsayin hidimar da yake yi wa gari.

Maza ne kaɗai suke wasa, har da fitowa a matsayin mata, kuma kowa yana sanye da abin rufe fuska. 'Yan wasan da ke magana ba su wuce uku ba, sai dai mutum ɗaya yakan sauya fuska ya fito a matsayi biyu ko fiye. 'Yan amshi sun kai 12 a farko, daga baya suka koma 15. Su ne suke waƙa da rawa tsakanin fitowa da fitowa, suna wakiltar dattawan gari, ko matan gida, ko bayi, ko matuƙan jirgi. Yawanci ba a nuna kisa a gaban jama'a. Ɗan aike ne yakan shigo ya ba da labarin abin da ya faru, sannan a fito da gawar.

Bikin lamari ne na gari baki ɗaya. Kafin a fara wasa, akan baje harajin da biranen da ke ƙarƙashin Atina suka kawo, akan kuma fito da marayun da iyayensu suka mutu a yaƙi, waɗanda gari ya rena har suka balaga, sanye da kayan yaƙi. Mutanen da suka gama kallon wannan su ne suke zama su kalli wasa a kan yaƙi da biyayya da cin amana. Tasirin wasa a zukatansu ba ƙarami ba ne: masanin tarihi Herodotus ya ruwaito cewa an ci wani marubuci mai suna Firinikus tarar dirakma 1,000 saboda wasansa a kan faɗuwar birnin Miletus ya sa 'yan kallo kuka, ya tuna musu da masifar da ta shafe su.

Marubutan uku

Eskilus (wajen 525 zuwa 456 K.M.) soja ne da ya halarci yaƙin Maraton a 490 K.M. Wasansa Farisawa, na shekarar 472 K.M., shi ne mafi tsufa cikin waɗanda suka rage, kuma shi kaɗai ne a cikinsu aka gina a kan abin da ya faru a zamanin marubucin. Jerin wasanninsa uku da ake kira Orestiya, na 458 K.M., shi ne jeri ɗaya tilo da ya rage cikakke. Wasanni bakwai ke ɗauke da sunansa, ko da yake ana shakkar ko shi ya rubuta Furomitiyus a Ɗaure.

Sofokilis (wajen 496 zuwa 406 K.M.) ya rubuta wasanni fiye da 120, bakwai suka rage. Ya riƙe muƙamai a Atina, har da na kwamandan yaƙi tare da Perikilis.

Yuripidis (wajen 480 zuwa 406 K.M.) shi ne wanda wasanninsa suka fi yawa a hannu, guda 18 na ban tausayi, ɗaya daga ciki ana tababar nasa ne. Da yawa daga cikinsu ya rubuta su ne lokacin yaƙin Atina da Siparta (431 zuwa 404 K.M.), kuma shi ya fi sauran biyun tuhumar adalcin alloli da darajar yaƙi.

Ƙaddara

Kalmar Girkanci da ake fassarawa da ƙaddara ita ce moira, wadda asalin ma'anarta kaso ne, kamar kason nama a wurin rabo ko kason gona a gado. Kalmar Hausa da ta fi kusa da ita ita ce rabo. Girkawa sun siffanta wannan rabo da wasu mata uku da ake kira Moirai: Kuloto mai kaɗin zaren rayuwa, Lakesis mai auna tsawonsa, da Atropos mai yanke shi. Akwai kuma ananke, wato tilas, da tuke, wato sa'a ko katari. Ya kamata a lura cewa kalmar ƙaddara a nan aro ce don fassara. Girkawan wancan zamani alloli da yawa suke bauta wa, waɗanda suke saɓani da kishin juna, kuma a Furomitiyus a Ɗaure an nuna cewa ko Ziyus, babbansu, ba zai kauce wa abin da aka yanke ba.

Wasan da aka fi kafa misali da shi shi ne Sarki Edifus na Sofokilis. An gaya wa Layus, sarkin Tibis, cewa ɗansa ne zai kashe shi. Da aka haifi yaron sai aka huda masa idon sawu aka ba wani makiyayi ya jefar da shi a dutse. Makiyayin ya ji tausayi, ya miƙa shi ga wani makiyayi, yaron ya tashi a gidan sarkin Korinti yana zaton nan ne gidansu. Da ya girma ya je wurin duba na Afolo a Delfi, aka ce masa zai kashe ubansa ya auri uwarsa. Don gudun haka ya ƙi komawa Korinti. A hanya, a wata mararraba mai rassa uku, ya yi faɗa da wani dattijo ya kashe shi. Ya isa Tibis, ya warware kacici-kacicin dodanniyar da ta addabi garin, aka ba shi sarauta da matar marigayi sarki, Jokasta.

Duk wannan ya riga ya faru kafin a buɗe wasa. Abin da 'yan kallo suke gani shi ne bincike. Annoba ta afka wa Tibis, aka ce ba za ta gushe ba sai an gano wanda ya kashe Layus, Edifus kuwa ya yi rantsuwa zai gano shi. Makahon mai duba Tiresiyas ya nemi a bar maganar. Jokasta, da ta fara ganewa, ta roƙe shi ya daina. Tsohon makiyayin ya ƙi magana sai da aka yi masa barazana. Babu wani hasashe da ya ce dole Edifus ya tono gaskiya; shi ya zaɓi tonowa, don ceton garinsa da kuma don ba ya iya zama cikin rashin sani. Da komai ya bayyana, Jokasta ta rataye kanta, shi kuma ya tsokale idanunsa da tsinken adon rigarta. Shi da kansa ya bambanta abu biyu a wasan: masifar daga Afolo take, amma hannun da ya makantar da shi nasa ne.

Irin wannan haɗuwar hukuncin alloli da nufin mutum ta cika wasannin Eskilus. A Agamemnon, kashin farko na Orestiya, 'yan amshi sun ba da labarin yadda iska ta tsare jiragen Girkawa a Awulis, aka ce abar bauta Artemis ba za ta sake su ba sai sarki Agamemnon ya yanka 'yarsa Ifijiniya. Ko dai ya watsar da rundunar da ta taru a ƙarƙashinsa, ko ya zubar da jinin 'yarsa. An siffanta shi da wanda ya sa wuyansa cikin karkiyar tilas, amma wasan bai wanke shi ba, domin da ya yanke shawara sai zuciyarsa ta bushe, aka toshe bakin yarinyar aka ɗora ta a kan bagade kamar akuya. Bayan shekara goma ya dawo gida da nasara, matarsa Kilitemnestira ta kashe shi a wurin wanka.

Haka ma a Bakwai a Kan Tibis (467 K.M.). Edifus ya tsine wa 'ya'yansa maza biyu cewa da takobi za su raba gado. Da Etiyokilis ya ji cewa ɗan'uwansa Polinikis ne ke tsaye a ƙofa ta bakwai ta birnin, matan da ke amshi suka roƙe shi ya tura wani. Ya ƙi, ya ɗauki makamai ya tafi, suka kashe juna. La'anar ta tabbata, amma ta hanyar halinsa ta bi.

Amana

Girkanci yana da kalmar filos, wadda ta haɗa ɗan'uwa, aboki, mata ko miji, da abokin ƙawance, wato duk wanda yake da haƙƙi a kan mutum. Ƙa'idar zaman da aka sani a lokacin ita ce mutum ya taimaki nasa, ya cuci maƙiyinsa. Wasannin ban tausayi sukan nemo wurin da wannan ƙa'ida ta kasa aiki, inda mutum ɗaya ya zama naka kuma maƙiyinka a lokaci guda.

A kashi na biyu na Orestiya, Afolo ya umarci Orestis ya ɗauki fansar ubansa. Wadda ta kashe uban kuwa ita ce uwarsa. Da ya zare takobi ta nuna masa nonon da ya sha, sai ya tsaya, ya tambayi amininsa Piladis abin da zai yi. Wannan ne kaɗai wurin da Piladis ya buɗe baki a duk wasan, ya tuna masa da umarnin Afolo. Orestis ya kashe ta, sai Eriniyas, allolin ramuwar jini, suka bi shi. A kashi na uku abar bauta Atena ta kafa kotu ta 'yan gari a tudun Ariyopagus. Ƙuri'u suka zo daidai, kuma da yake ita ta goyi bayan Orestis, aka sallame shi. Ta lallashi Eriniyas suka karɓi mazauni da girmamawa a Atina. An nuna wasan ne shekaru kaɗan bayan gyaran da aka yi wa majalisar Ariyopagus a 462 zuwa 461 K.M., wanda ya rage mata iko ya bar mata shari'ar kisan kai. Saboda haka masana da dama suke karanta jerin a matsayin labarin yadda hukuncin jini ya tashi daga hannun dangi ya koma hannun gari.

Antigoni na Sofokilis, wanda aka nuna wajen 441 K.M., ya ɗora daga mutuwar 'ya'yan Edifus. Sabon sarki Kiriyon, kawunsu, ya sa aka binne Etiyokilis da girma, ya hana a binne Polinikis saboda ya kawo wa garinsu yaƙi, ya ce duk wanda ya taɓa gawar hukuncinsa kisa. A wurin Girkawa barin gawa ga karnuka da ungulaye babban abin ƙyama ne, kuma matan gida ne ke da alhakin wanka da makoki. Antigoni ta nemi ƙanwarta Isimini ta taimaka mata, ta ƙi don tsoro. Ta tafi ita kaɗai ta zuba wa gawar ƙasa, aka kama ta, ba ta musa ba. Hujjarta ita ce akwai dokokin alloli da ba a rubuta ba, waɗanda suka girmi kowane sarki. Hujjar Kiriyon ita ce gari shi ne jirgin da kowa ke ciki, wanda ya fifita ɗan'uwa a kan gari ba shi da amfani.

Kiriyon ya sa aka rufe ta da rai a cikin kogo. Ɗansa Hemon, wanda zai aure ta, ya gaya masa mutanen gari suna bayanta, bai ji ba. Sai da Tiresiyas ya yi masa gargaɗi ya sauko, amma ya makara: Antigoni ta rataye kanta, Hemon ya soke kansa a gefenta, matar Kiriyon ta ji labari ta bi ɗanta. Masanin falsafa na Jamus, Hegel, ya ɗauki wasan a matsayin karon gaskiya biyu, ta gida da ta hukuma. Wasu manazarta ba su yarda cewa ma'aunin daidai yake ba, tunda a ƙarshe alloli sun nuna Kiriyon ne ya yi kuskure.

Filoktetis, wanda ya ci wa Sofokilis gasar 409 K.M., ya kawo matsalar cikin soja. Girkawa sun yasar da Filoktetis a tsibirin Lemnos shekara goma saboda saran maciji da ya ruɓar masa da ƙafa. Daga baya suka ji cewa ba za a ci Turoyi ba sai da shi da bakan da ya gada daga Herakilis. Odisiyus ya tafi da saurayi Niyoptolemus, ɗan Akilis, ya umarce shi ya yaudari majinyacin. Yaron ya yi ƙaryar, ya sami bakan, amma da ya ga azabar mutumin da irin yardar da ya yi masa, sai kunya ta kama shi ya mayar masa da abinsa, duk da barazanar shugabansa. Sai da Herakilis ya bayyana daga sama kafin Filoktetis ya yarda ya tafi yaƙin.

Midiya na Yuripidis (431 K.M.) ya nuna abin da cin amana ke haifarwa. Midiya ta bar ƙasarta ta ci amanar gidan ubanta don Yason, wanda ya yi mata rantsuwa. A Korinti ya rabu da ita don ya auri 'yar sarki, aka kuma ce ta bar garin. Ta aika wa amaryar riga da kambi masu guba, suka hallaka ta tare da ubanta, sannan ta kashe 'ya'yanta biyu don kada Yason ya bar baya. Ta tsere a keken abin bautar rana, kakanta, ba tare da hukunci ba. Wasan ya zo na uku, wato na ƙarshe, a gasar shekarar.

Jarumtaka

Kalmar heros a Girkanci tana nufin wani babban mutum na zamanin dā wanda ake kai wa hadaya a kabarinsa, ana neman kariyarsa. Ba dole ne ya kasance mutumin kirki ba. Jaruman waƙoƙin Homa suna neman time, wato girma a idon tsara, da kleos, wato sunan da zai rage bayan mutuwa. Marubutan Atina sun ɗauko waɗannan mutane masu tsananin son girma suka ajiye su a gaban jama'ar da ke mulkin dimokuraɗiyya, wadda yaƙinta na sahu ne, kowa garkuwarsa tana kare na kusa da shi. Tambayar da ta taso ita ce ko gari zai iya zama da irin wannan mutum, ko kuma zai iya rayuwa ba tare da shi ba.

Ayas na Sofokilis ya fi kowane wasa fito da wannan. Bayan mutuwar Akilis, aka ba Odisiyus makamansa, aka hana Ayas wanda yake ganin shi ya fi cancanta. Ya tashi da dare zai kashe shugabannin rundunar, Atena ta juya masa hankali ya afka wa garken dabbobi yana zaton su ne. Da ya farfaɗo ya ga kansa cikin jinin tumaki da shanu, ya san ya zama abin dariya. Tekmesa, uwar ɗansa, ta roƙe shi ya dubi halin da ita da yaron za su shiga. Ya kafa takobin da Hekta ya taɓa ba shi, ya faɗa a kai. Saura wasan gardama ce a kan gawarsa: Agamemnon da Menelawus sun hana a binne shi, sai Odisiyus, babban abokin gabarsa, ya tsaya ya ce ƙiyayya ba ta share darajar mutum. 'Yan kallo sun san Ayas sosai, domin ɗaya daga cikin ƙabilu goma na Atina sunansa take ɗauke da shi.

Yuripidis ya ba da wata amsa dabam a Herakilis. Jarumin ya dawo daga lahira ya ceci iyalinsa daga wani azzalumin sarki, nan take Hera ta aiko masa da hauka, ya kashe matarsa da 'ya'yansa uku da hannunsa. Da ya dawo hayyacinsa ya so ya kashe kansa. Amininsa Tesiyus, sarkin Atina, wanda Herakilis ya taɓa ceto, ya zauna kusa da shi bai ji ƙyamar jinin ba, ya yi ta ba shi baki har ya yarda cewa ci gaba da rayuwa da wannan nauyi ya fi mutuwa buƙatar ƙarfin zuciya. Ya fita daga dandali yana dafe da kafaɗar abokinsa.

Mata suna da babban kaso a wannan jigo, duk da cewa a Atina ta lokacin ba su da ƙuri'a. A Alkestis (438 K.M.) mace ce ta yarda ta mutu a madadin mijinta bayan iyayensa tsofaffi sun ƙi. A Matan Turoyi (415 K.M.) ba a ga yaƙi ba sam, sai matan da aka ci garinsu suna jiran a raba su ga iyayengiji. Girkawa suka jefo ƙaramin ɗan Hekta daga kan ganuwa don kada ya girma ya rama, kakarsa Hekuba ta shirya gawarsa a cikin garkuwar ubansa. An nuna wasan ne watanni kaɗan bayan Atina ta ci tsibirin Melos, ta kashe mazansa, ta bautar da mata da yara.

Wasan Sofokilis na ƙarshe, Edifus a Kolonus, wanda jikansa ya nuna a 401 K.M. bayan rasuwarsa, ya haɗa jigogin uku. Edifus ya tsufa, makaho ne mai bara, Antigoni ce ke yi masa jagora. Ya dage cewa abin da ya aikata cikin rashin sani ya aikata. Tesiyus ya ba shi mafaka, kuma a ƙarshe alloli suka kira shi, kabarinsa ya zama kariya ga Atina.

Nazarin Aristotil

Wajen shekarar 335 K.M., Aristotil ya yi nazarin waɗannan wasanni a littafinsa na fasahar waƙa. A ganinsa aikin wasan shi ne ya motsa tausayi da tsoro, ya kai ga katarsis, kalmar da ke nufin tsarkakewa ko wankin ciki irin na magani, wadda har yau ake gardama a kan abin da yake nufi da ita. Ya ce tauraron da ya fi dacewa shi ne wanda bai kai waliyyi ba kuma bai zama mugu ba, wanda ya faɗi saboda hamartiya. Asalin kalmar daga kuskuren saiti ne, kamar mai jifa da mashi ya kauce wa abin da ya nufa. An daɗe ana fassara ta da aibin hali, amma manazarta da yawa a yau sun fi karkata ga ma'anar kuskure, musamman na rashin sanin wane ne wane. Ya kuma yi bayanin juyewar al'amari da ganewa, ya yaba wa Sarki Edifus saboda biyun sun zo tare. Abin lura shi ne bai ba ƙaddara wani babban matsayi a nazarinsa ba. Haka kuma ba duk wasannin ne ke ƙarewa da mutuwa ba: Orestiya, Filoktetis da Alkestis duk sun ƙare da sulhu ko tsira.

Tasiri a wasu harsuna da ƙasashe

A ƙarni na 10 Miladiyya, Abu Bishir Matta ɗan Yunus ya fassara littafin Aristotil zuwa Larabci daga Siriyanci a Bagadaza. Da yake Larabawan lokacin ba su da irin wannan wasa, ya fassara wasan ban tausayi da madihu, wato yabo, wasan barkwanci kuma da hija'i, wato zambo. Ibn Rushdi ya bi wannan fassara a sharhinsa.

A ƙarni na 20 marubuta da dama sun koma ga waɗannan labarai lokacin yaƙi ko danniya. An nuna Antigoni na Jean Anouilh a Paris a 1944, garin yana hannun sojojin Jamus. Taufiƙ al-Hakim na Masar ya fitar da nasa Edifus a 1949. A Afirka ta Kudu, The Island (1973) na Athol Fugard, John Kani da Winston Ntshona ya nuna fursunoni biyu suna shirya wasan Antigoni a kurkuku, kuma Nelson Mandela ya ba da labarin cewa shi ya fito a matsayin Kiriyon a wasan da fursunoni suka yi a tsibirin Robben.

A Najeriya, Ola Rotimi ya mayar da labarin Edifus ƙasar Yarbawa a The Gods Are Not to Blame, wanda aka fara nunawa a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, inda ya ɗora faɗuwar Sarki Odewale a kan zafin zuciya da ƙabilanci. Wole Soyinka ya sake rubuta wasan Yuripidis a kan Diyonisus a 1973, Femi Osofisan kuma ya gina Tegonni a kan Antigoni, da Women of Owu a kan Matan Turoyi. Wasan Rotimi ya daɗe cikin littattafan adabi da ake karantawa a makarantun sakandare da jami'o'in ƙasar, kuma ta hanyarsa ɗalibai da yawa suka fara sanin labarin Edifus.